Zagaya Katsina a motar shata: Abin da ake biya da abin da ake gani

Duk wanda ya taɓa zuwa Umara ko aikin Hajji ya san yadda ake yin ziyara a Madina. Mutum uku ko huɗu su haɗa kuɗi su ɗauki shatar mota, direba ya kai su Masallacin Ƙuba, daga nan Dutsen Uhudu, sai Masallacin Ƙiblataini, kafin azahar sun dawo masauki. Wanda ya dace da malamin da ya san tarihin wuraren yakan dawo da abin ba iyalinsa labari. Wanda kuwa ya faɗa hannun direban da ke gaggawar sauke shi ya ɗauko wasu, hotuna kaɗai yake komawa gida da su.

Irin wannan sana'a ta zaunu da gindinta a manyan biranen duniya. A Washington ta Amurka, ko Paris ta Faransa, ko Alƙahira ta Masar, akwai kamfanonin da aikinsu ke nan: su ba baƙo motar alfarma da direba da ja-gora, shi da iyalinsa kaɗai, a zagaya da shi wuraren tarihi a lokacin da ya zaɓa, ba tare da ya cuɗanya da ayarin wasu ba. A Abuja ma, wadda ta zama mazaunin gwamnatin tarayya a ranar 12 ga Disamban 1991, abin bai da wuya. Birni ne da aka zana shi domin mota. Mutum na zaune a kujerar baya zai ga Masallacin Ƙasa da Dandalin Eagle da ginin Majalisar Tarayya da Dutsen Aso, bai ko taka ƙasa ba.

Katsina, wadda ta zama babban birnin jiha a ranar 23 ga Satumban 1987, ba haka take ba. An gina tsohon birnin ne domin mai tafiya a ƙasa da mai doki da mai jaki, ɗaruruwan shekaru kafin a san ƙarar inji. Don haka ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnatin da ya yi manyan baƙi, ya kuma ga ya dace ya fita kunyarsu da zagaya birnin a cikin Prado ko Land Cruiser, yana buƙatar sanin wani abu kafin ya zura hannu aljihu: a wannan tafiya mota ce ta fi komai tsada, amma a cikin birni ita ce ta fi komai ƙarancin amfani.

Abu uku ake saye, ba ɗaya ba

A Katsina da Kano an fi ɗaukar shatar manyan motoci domin biki ko naɗin sarauta ko taron siyasa. Zagayen wuraren tarihi yakan zo ne a matsayin ƙari, wato abin da za a yi wa baƙi washegarin ɗaurin aure kafin lokacin jirginsu ya yi. Shi ya sa sau da yawa mai masaukin baƙi yakan ɗauka da zarar ya samu mota ya gama shiri. Alhali abubuwa uku ne a dunƙule: mota da direbanta, sai ja-goran da zai yi bayani, sannan iso, wato izinin shiga wuraren da ba a faɗa musu kai tsaye.

Ta fuskar mota, inda rigima ta fi tasowa shi ne abin da ba a faɗa ba tun farko. Shatar ta yini ce ko ta awanni? Yinin yana ƙarewa da magariba ne ko sai baƙo ya shiga ɗakinsa? Wa zai zuba mai? Wannan tambaya ta ƙarshe ta ƙara nauyi tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, domin manyan motocin nan ba su shan mai da wasa, musamman idan na'urar sanyaya wuri na kunne yayin da ake jiran baƙi su fito. Haka nan kuɗin cikin gari daban, na fita wajen gari daban, kuma idan tafiya ta kai ga kwana, masauki da abincin direba suna kan wanda ya ɗauki shata sai dai in an yi wata yarjejeniya. Motar da ke da baƙin gilashi tana buƙatar takardar izini daga 'yan sanda. Wanda bai nemi ganin takardun mota da lasisin direba ba tun a gareji, a shingen bincike zai gan su, gaban baƙinsa.

Duk waɗannan ana iya kammala su da rubutu a takarda guda. Sauran biyun ne ba a samun su a gareji.

Daga Kaikai zuwa Ƙofar Ƙaura

A ɗauki misalin ɗan kasuwa ɗan asalin Kaikai ta Ƙaramar Hukumar Kusada, wanda ke harkokinsa a Kano ko Abuja, ya gayyato abokan cinikinsa biki gida. Da safe za su fito su hau babban titin Kano zuwa Katsina, su ratsa Kankiya, su wuce Charanci mai shahararriyar kasuwar dabbobi. Tsakanin Kankiya da birni kimanin kilomita 60 ne, tafiyar awa guda in hanya ta yi kyau. A nan kam motar alfarma ta biya kuɗinta, baƙo zai isa bai gaji ba.

Ta Ƙofar Ƙaura mai zuwa daga Kano ke shiga. Tun farkon 2023 da aka buɗe gadar ƙasa a wurin, motoci sukan wuce da sauri, kuma baƙon da ba a yi wa bayani ba ba zai san ya iso bakin ɗaya daga cikin birane mafi girman ganuwa a ƙasar Hausa ba. Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya zo Katsina a 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwar da mil 13 zuwa 14, wato sama da kilomita 20. A yau ɗan abin da ya rage ne ake gani nan da can. Ruwan sama ya ci wani ɓangare, gine-gine sun haye wani, masu ɗibar ƙasa sun kwashe wani.

Ƙofofin da aka fi ambata bakwai ne: Ƙaura da Ƙwaya da 'Yanɗaka da Guga da Sauri da Durɓi da Marusa. Yawancinsu an sake gina su da siminti, an faɗaɗa su domin motoci, saboda haka idon baƙo ba zai ga tsufa a jikinsu ba. Tsufan yana cikin sunayen. Ƙaura shi ne babban jarumin yaƙin Katsina, Durɓi da Marusa da 'Yanɗaka kuwa duk sarautu ne masu daɗaɗɗen asali a masarautar. Ta Ƙofar 'Yanɗaka ce Lugga ya shigo da sojojinsa a 1903, zamanin Sarki Abubakar. Direba zai iya zagaya ƙofofin nan duka cikin ɗan lokaci, amma in babu mai faɗin wannan, abin da baƙo ya gani shataletale ne da cunkoson Keke Napep.

Inda mota ke tsayawa

Hasumiyar Gobarau ita ce alamar Katsina, ita ake bugawa a kalanda da tambarin hukumomi. Gini ne na ƙasa mai tsawon kimanin mita 15, kuma ragowar wani babban masallaci ne da ya kasance cibiyar karatu. Tana cikin unguwa, kewaye da gidajen jama'a. Babbar mota za ta kusanto, amma ƙarshenta dole a nemi inda za a ajiye ta, a sauka, a gaisa da mutanen da ke zaune a ƙofar gida, a nemi mai kula da wurin. Wanda ke son ganin birni daga sama kuwa sai ya tattare babbar rigarsa ya hau matakala da ƙafarsa.

A nan ne ake gane ja-gora na gaske. Ruwayar da ta fi yaɗuwa tana danganta ginin da zamanin Sarki Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka shi ne Sarkin Katsina Musulmi na farko. Sai dai masana tarihi sun saɓa a kan lokacin mulkinsa, wasu suna sanya shi a ƙarni na 14, wasu a na 15. Ana kuma haɗa masallacin da zuwan Shaihu Muhammad bin Abdulkarim Al-Maghili, malamin nan na Arewacin Afirka da ya zauna a Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15. Hasumiyar da ake gani yanzu ta sha gyara, ciki har da babban gyaran da aka yi mata a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Ja-goran da ya san aikinsa zai bambance wa baƙo abin da aka rubuta da abin da aka ji daga bakin kakanni, ya ba kowanne haƙƙinsa. Wanda bai sani ba kuwa zai yanko shekara guda ya ɗora, gobe in wani baƙon ya zo ya yanko wata.

Daga Gobarau zuwa fada ba nisa, kuma an fi jin daɗin tafiyar a ƙasa. Gidan Korau, kamar yadda ake kiran gidan Sarki, yana fuskantar filin Kangiwa, ta Ƙofar Soro ake shigarsa. Abin da ya kamata mai baƙi ya riƙe shi ne, wannan ba gidan tarihi ba ne da ake yankar tikiti. Gida ne mai rai, inda Mai Martaba Sarkin Katsina, Alhaji Abdulmumini Kabir Usman, wanda ya hau gadon sarauta a 2008, yake zaman fada. Ana neman iso tun kafin ranar, ta hannun ofishin masarauta ko wani mai sarauta da ya san mai baƙin. Ana cire takalmi inda ake cirewa, a durƙusa a yi gaisuwa, ba a ɗaga waya a hau ɗaukar hoto sai an ba da izini. Girman motar da mutum ya zo a ciki ba ya buɗe wannan ƙofa. Dogarai sun ga waɗanda suka fi ta.

Kayan sarautar Katsina irin su takobin nan Gajere da Gwauron Tambari ba kayan kallo ba ne da ake fito da su don baƙo ya zo, suna da lokutansu. Amma labarinsu kaɗai ya isa ya riƙe mai sauraro: yadda Korau ya kayar da Sanau a kokawa ya karɓe sarauta, yadda Malam Ummarun Dallaje ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zama Sarki a wajajen 1807, da yadda sarautar ta koma gidan Dikko a 1906, inda take har yau ta hannun Usman Nagogo daga 1944 da Muhammadu Kabir Usman daga 1981.

Akwai wani abin lura a nan da kan kuɓuce wa mutane. Da yawa daga cikin baƙin 'yan kasuwar Katsina daga Maraɗi suke zuwa. Bayan jihadi, zuriyar sarakunan Haɓe na Katsina arewa suka yi, suka kafa Maraɗi, kuma har gobe ana kiran mai sarautar can Sarkin Katsinan Maraɗi. Abin da Bakatsinen birni zai ba da labarinsa a matsayin nasara, baƙonsa na Maraɗi ya gaje shi ne a matsayin hijirar kakanninsa. Ja-goran da bai san wa ke zaune a kujerar baya ba yana iya ɓata cinikin shekara goma da jimla ɗaya.

Makarantar da ta haifi Barewa

Wurin da ya fi taɓa zuciyar ma'aikatan gwamnati shi ne tsohuwar Kwalejin Katsina. Gwamna Hugh Clifford ne ya buɗe ta a 1922 domin horar da malamai, kuma ita ce makarantar gaba da midil ta farko a Arewa. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya yi karatu a nan daga 1926 zuwa 1931, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma daga 1928 zuwa 1933. An mayar da makarantar Kaduna a 1938, daga baya Zariya a 1949, inda ta zama Kwalejin Barewa. Ginin na ƙasa ne, yana cikin abubuwan tarihin da gwamnatin tarayya ta ayyana a matsayin na ƙasa baki ɗaya.

Ɗakunan ƙanana ne, babu wani ado. Minti biyar sun isa a leƙa a fito, kuma haka akasarin masu gaggawa suke yi. Amma mutumin da ya shekara ashirin yana aiki a sakatariya, in aka tsayar da shi aka nuna masa cewa daga waɗannan ɗakuna Firimiyan Arewa da Firaministan Najeriya suka fito, ba ya saurin komawa mota.

Haka kuma akwai makwantan waliyyan Katsina, Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, malaman ƙarni na 17 da sunansu ya kai nesa. Ɗan Masani ya rasu a 1667, kuma unguwar Masanawa tana nan. A maƙabartar Ɗan Marina aka binne marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayun 2010. Wannan wurin ziyara ne da addu'a, ba na shaƙatawa ba, kuma ya kyautu a sanar da baƙon da ba Musulmi ba, ko wanda ya zo da iyali, yadda al'adar wurin take tun kafin a isa, kada a bar shi ya ji daga bakin wani.

Inda babbar mota ke da rana

Da zarar an bar birni, lissafin ya juya. Durɓi ta Kusheyi, a Ƙaramar Hukumar Mani, kimanin kilomita 30 gabas da Katsina, wuri ne na manyan tuddai da aka binne sarakunan farko a cikinsu. Baturen mulki H. R. Palmer ya fara tona wurin a 1907, sannan masu bincike daga Jamus tare da hukumomin Najeriya suka sake tonawa a 1992. An samu kayan ƙawa na zinariya da na hauren giwa da kwanon tagulla da ya fito daga ƙasashen Larabawa, shaidar cewa fatauci ya haɗa wannan yanki da ƙetaren Sahara tun ƙarnoni masu yawa. An kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su. Ga ɗan kasuwa, da wuya a samu wurin da ya fi wannan ba shi labarin kakannin sana'arsa. Amma a ido, tuddan ƙasa ne a cikin gonaki. In babu mai bayani, baƙo zai tambayi dalilin da ya sa aka kawo shi.

Daura kuma tana da nisan kimanin kilomita 80 daga Katsina. Can ne rijiyar Kusugu take, inda ruwaya ta ce Bayajidda ya kashe macijiyar da ke hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, ga kuma fadar Sarkin Daura. Tun da aka binne tsohon Shugaba Muhammadu Buhari a gidansa da ke garin a watan Yulin 2025, Daura ta ƙara samun wani dalilin da ke kai manyan baƙi. Haɗa birnin Katsina da Durɓi ta Kusheyi da Daura a yini ɗaya abu ne mai yiwuwa a takarda, amma a aikace yakan koma tseren mota. Wanda ya taso daga Kusada ko Kankiya, ya fi masa ya raba tafiyar kwana biyu.

Ba a maganar fita wajen gari a Jihar Katsina a tsallake tsaro. Hare-haren 'yan bindiga sun fi tsanani a ƙananan hukumomin da ke bakin dajin Rugu da kudu maso yamma, irin su Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari, kuma saboda su ne gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023. Wuraren tarihin da aka ambata suna birni ne da gabashinsa, amma duk da haka ƙa'idar matafiya ba ta canza ba: a fita da hantsi, a dawo kafin duhu, a tambayi mutanen gari halin da hanya take a ranar. Sannan akwai gaskiyar da masu son burgewa ba su cika son ji ba. Jerin baƙaƙen motoci masu walƙiya a hanyar ƙauye sanarwa ce. Wani lokacin bas mai kyau guda ɗaya, wadda ba ta jan ido, ta fi wa baƙo alheri.

Wane ne ja-gora?

A Masar, ba kowa ke tsayawa gaban dala ya yi wa baƙi bayani don kuɗi ba, sai mai lasisi daga ma'aikatar yawon buɗe ido, bayan karatu da jarrabawa. A nan kuwa aikin yakan faɗa kan wanda ya fi kusa: direba, ko wani ƙanen mai gida da ya yi sakandare a birni. Ba laifinsu ba ne, an ɗora musu kayan da ba nasu ba.

Alhali masu ilimin suna nan. Akwai ma'aikatan Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, da ke aiki a Katsina. Akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana yaye ɗaliban tarihi kowace shekara, da yawansu suna zaune ba aiki. Akwai kuma dattawan fada da na tsofaffin unguwanni, waɗanda suka san gidan wane ne wannan, kuma me ya sa ake kiran lungun can da sunansa. An yi rubutu mai zurfi a kan birnin, musamman littafin marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, a kan sauye-sauyen da Katsina ta gani daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a 1981. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hanyar da za ta haɗa waɗannan mutane da mai baƙin da ke riƙe da kuɗi.

Mai neman ja-gora zai iya gwada shi da tambayoyi biyu ko uku kafin ranar. Wace shekara aka gina Gobarau? In ya amsa da lamba guda ba tare da ya ambaci saɓanin masana ba, a yi hattara. Wa zai nema mana iso a fada, kuma yaushe? Wane harshe baƙin za su ji? Mai baƙi daga Legas yana buƙatar mai Turanci, na Yamai ko Kwatano wataƙila mai Faransanci, ko da yake Hausa takan wadatar da yawancin na Nijar. Kuma a yanka masa ladansa a fili, daban da na mota. Mutumin da aka sallama da "ga wannan ka sha ruwa" bayan ya yini yana zuba ilimi, ba zai ɗauki abin sana'a ba, gobe kuma ba za a same shi ba.

Kuɗin ina suke tafiya?

In aka bi sawun abin da aka kashe a irin wannan yini, kaso mafi tsoka yana tafiya ne ga mai mota, wanda sau da yawa ma a Kano ko Abuja yake, sai gidan mai, sai otal. Abin da ke isa hannun mai gadin hasumiya ko mai kula da rijiya bai wuce na goro ba. Ga shi kuwa ginin ƙasa ba ya jira. Kowace damina tana zaftare wani abu daga jikinsa, yana buƙatar yaɓe a kai a kai, da gyaran indararo, da sauya azarar da gara ta ci. Magina na gargajiya da suka iya wannan aiki suna raguwa, domin 'ya'yansu sun koma bulo da siminti inda ake samun ciniki.

Agadas ta Jamhuriyar Nijar ta nuna cewa ginin ƙasa na iya zama dukiya. Hasumiyar babban masallacinta, mai tsawon mita 27, tana cikin abin da ya sa hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin a jerin wuraren tarihi na duniya a 2013. Najeriya wurare biyu kacal take da su a wannan jeri, Sukur a Adamawa da dajin Osun a Osogbo, babu ko ɗaya a ƙasar Hausa. Kuɗin shiga tsayayye mai rasit, wanda aka san yana komawa ga gyaran wurin, ba zai gagari mutumin da ya iya ɗaukar shatar Land Cruiser ba. Hasali ma irin waɗannan baƙi sun fi sakin jiki da farashin da aka rubuta a allo a kan a bar su suna lalube a aljihu, ba su san ko sun ba da kaɗan ko sun yi yawa ba.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, an fi jin daɗin tafiyar ƙasa, ko da yake hazo kan rage nisan abin da ake hangowa daga saman hasumiya. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40, don haka sai a yi lungunan birni da sassafe, a bar tafiyar mota mai nisa zuwa tsakar rana. Ranar Juma'a hanyoyin da ke kewaye da fada da babban masallaci sukan cushe tun kafin azahar. A ranakun hawan Sallah kuwa, lokacin da baƙi suka fi sha'awar zuwa, titunan tsakiyar birni na dawakai ne. Hakimai daga ko'ina a masarautar, har da na Kankiya da Kusada, sukan shigo da mahayansu, kuma mai motar alfarma zai ajiye ta nesa ya taka, sai dai in an tanadar masa wurin zama tun da wuri.

Nan gaba akwai abin da zai iya sauya yadda baƙi ke isowa. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021, an tsara shi ne ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. In ya fara aiki, baƙo daga Kano ko Maraɗi zai iya sauka a Daura ko Katsina ba tare da ya shiga mota ba, kuma a bakin tasha zai nemi wanda zai zagaya da shi. Layin bai bi ta Kankiya da Kusada ba, don haka mai baƙi a Kaikai zai ci gaba da ɗaukar shata ta titin Charanci.